Dila a bayan katanga: yadda mazauna bakin gari za su tsare kaji da awaki

Gari ya daɗe da tsallake ganuwa. A Katsina, ta hanyar Daura da ta Jibiya da ta Dutsinma, fulotai sun shiga gonaki, haka ma a Daura ta hanyar Mai'adua da Zango. Mutum zai tare a sabon gida, gabansa kango, bayansa gonar gero, ya zuba kaji, ya ɗaure awaki biyu ko uku. Ba a jima ba sai a fara ƙirga asara: yau zakara, gobe 'yar akuya kwana uku da haihuwa. Sai a ce dila ne, sai a aiki yaro ya sayo fiya-fiya. Wannan aiken ne nake so a fasa. Dila ba ƙiyayya ke kawo shi ba, abinci ne, kuma mafi yawan abincin nan mu ke ajiye masa da hannunmu.

Akwai waɗanda suka riga mu shan wannan wahala. A Amurka da Kanada akwai wata dabba da suke kira koyoti, kamar dila amma ta fi shi jiki, nauyinta kilo 9 zuwa 20, shi kuwa namu bai cika wuce kilo 15 ba. Ba kamanni kaɗai ba ne: binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna dila mai ruwan ƙasa na arewacin Afirka da Sahel ya fi kusa da koyoti fiye da dilan Asiya. Amurkawa sun yi fiye da shekara 100 suna yaƙar koyoti da tarko da bindiga da guba, har a 1972 Shugaba Nixon ya hana zuba gubar a filayen gwamnatin tarayya saboda ɓarnar da take yi wa sauran namun daji. Yau koyoti na kowace jiha in ban da Hawai, har cikin Cikago da Los Anjeles. Dalilin a fili yake. Namiji da mace ne ke riƙe yanki, su kori baƙi. In aka kashe su, wasu da ke yawo ba su da wuri sai su shigo, kuma waɗanda suka rage abinci ya wadace su, 'ya'yansu sun fi rayuwa. Muddin abincin na nan, mai ci zai zo.

Kafin komai, a tabbatar wane ne ɓarawon, don sau da yawa dila sunan kawai yake ɗauka. Da magariba a share gefen akurki da bakin rariya, a tankaɗe toka ko yashi mai laushi, faɗin taku biyu, a bar shi sumul. Da asuba, kafin kaji su fito su tattake, a duba. Sawun dila siriri ne mai ɗan tsawo, farata sun fito, kuma tafiyarsa a miƙe take kamar an ja layi, ƙafar baya na sauka kusan inda ta gaba ta tashi. Sawun kare ya fi faɗi, yatsu a buɗe, tafiyar kuma kwana-kwana. Muzuru sawunsa a kewaye yake, ba farce. Kura ba ta ɓoyuwa: sawun babba ne, na gaba ya fi na baya.

Ita ma ɓarnar tana magana. Dila kaza ɗaya yake ɗauka ya tafi da ita, sai dai ka ga gashin kaza a hanyar gona. In ɗan akuya ne, maƙogwaro yake kamawa, ya farke ta kwiɓi, ya fara da hanta da zuciya. Karnukan da ba su da mai su aikinsu ba tsari: cizo a cinya, a kunne, a ciki, dabba uku ko huɗu sun jikkata, abin da aka ci kaɗan. Kaji da yawa a mace cikin akurki, cizo a kai da wuya, wannan ya fi kama da aikin tunku da ire-irensa. Sannan a sa leda a hannu a ɗan feɗe fatar wuya. In akwai taruwar jini ƙarƙashin fata inda haƙori ya shiga, dabbar na da rai aka kama ta. In ba jini, mutuwa ta yi tun farko, dila mushe ya tarar. Wanda bai duba wannan ba sai ya yi ta zargin daji alhali cuta ce ke cin garkensa.

Yanzu abincin da muke ajiyewa. Na farko mushe. Al'adar jan matacciyar akuya a yar bayan gari, ko jefa matattun kaji a juji, ita ce gayyata mafi girma. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 4, a zuba toka ko farar ƙasa a kai, a mayar da ƙasa a danne, a ɗora duwatsu ko guntayen bulo. Ramin ƙafa ɗaya ko biyu a jigawa irin ta Daura dare ɗaya ake tone shi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta ko kaɗan, a kira malamin dabbobi, don tana iya zama cutar saifa, wadda ke kama mutum. Na biyu mabiyiyar akuya ko tunkiya bayan haihuwa: a binne ta nan take. Na uku tumbi da jini da ƙashi na ranar suna ko Babbar Sallah. Sai dusa da tsabar da ke kwana a ƙasa. Dila ba dusar yake nema ba, amma ita ke tara ɓera da gafiya, shi kuma yana biye da su. A zuba wa kaji abin da za su cinye kafin la'asar, sauran a rufe a durom mai murfi. Masu binciken koyoti a Cikago, ƙarƙashin Stanley Gehrt, tun shekarar 2000 suke bin dabbobin, kuma abin da suka fi samu a kashinsu ɓeraye ne da zomaye da 'ya'yan itace. Namu ma haka: ɓera, fara, ƙadangare, kanya da magarya in sun zuba. Manomin da dila ke yawo a gonarsa yana da mai gadin ɓera kyauta, in dai bai koya masa hanyar akurki ba.

Ginin makwanci shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka bari in tsaya a kai. Wayar kaji, wato siririyar ragar nan mai ido mai kusurwa shida, an yi ta ne don hana kaza fita, ba don hana wani shiga ba. Kare na yaga ta da haƙori, damina biyu kuma tsatsa ta gama da ita. A nemi ragar ƙarfe mai walda, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, mai idon rabin inci, yadda tunku da ɓera ma ba za su ratsa ba. Kada a dogara da ƙananan ƙusoshi kawai: a danne bakin ragar da falankin katako, a buga ƙusa duk inci 6.

Abu mafi muhimmanci shi ne ƙasa, don dila ya fi son tono a kan tsalle. A sami raga mai faɗin ƙafa 3, a lanƙwasa ta kwana: ƙafa 1 ta hau jikin bango a ɗaure, ƙafa 2 su kwanta a ƙasa ta waje. A rufe ta da ƙasa kamar inci 4, a jera duwatsu. Dabbar kullum daga gindin bango take fara tono, sai farcenta ya ci karo da ƙarfe, kuma ba ta cika tunanin ja da baya ta fara daga nesa ba. Akurki mai ƙafa 6 da ƙafa 8 kewayensa ƙafa 28 ne, a ƙara ƙafa 8 don kusurwoyi huɗu, ya zama ƙafa 36, wato yadi 12. Kusurwoyin nan su ake mantawa, kuma nan ake shiga. Ƙofa kuma a yi mata dokin siminti ko a jera bulo, kada tazarar ƙasanta ta wuce yatsa biyu, a sa sakata ta ƙarfe maimakon lanƙwasasshiyar ƙusa ko igiya. Sama a rufe da kwano ko raga. Rariyar tsakar gida, wadda aka bari a buɗe don ruwan damina, a sa mata guntayen rodi tazarar yatsa biyu. Katangar ƙafa 8 ba ta da amfani in rariyarta na ɗaukar kan kare.

Ga awaki da tumaki, shingen ya kai ƙafa 5 zuwa 6, kuma kada a jingina tulin bulo, itace ko karan dawa a jikinsa ta waje, tsani ne. Darnin kara ba ya tare komai in ya kwana biyu: gara ta ci gindinsa, iskar farkon damina ta kwantar da shi. In shi ne abin da hali ya kai, a tara ƙayar magarya ko farar ƙaya a gindinsa ta waje, kaurin taku biyu, a riƙa ƙarawa don tana lotsawa. Shingen aguwa na da kyau wajen iyaka, amma ƙasansa na da kafofi, sai an cike su da ƙaya. Mai ciki da ta kusa haihuwa a shigar da ita ɗaki, ita da 'ya'yan su yi aƙalla mako biyu zuwa uku kafin su bi garke. Ɗakin ƙafa 12 da 12 na ɗaukar awaki kamar 10. Akuyar da aka ɗaure a turke a waje ta kwana, ba ta iya gudu ba ta iya kare ɗanta, wannan ba kiwo ba ne, miƙawa ce. A damina, lokacin da gero ya rufe mutum har jikin katanga, a sassabe taku biyar zuwa goma a kewayen makwancin, kuma a rufe dabbobi kafin kiran magariba, kada a buɗe sai gari ya waye sosai.

Fitilar sola na taimakawa, amma wadda ke tsaye wuri ɗaya dabbar na sabawa da ita. Mai walƙiya ta fi, a riƙa sauya mata wuri. A Amurka makiyaya na sa jaki cikin tumaki don korar koyoti: jaka ɗaya ko dandaƙaƙƙe, ba biyu ba, don biyu junansu za su bi su bar garken, kuma a raba shi da su lokacin haihuwa, kada ya tattake jarirai. Wannan na aiki kan dila da kare. Inda kura ke zuwa kuwa, jakin kansa abin tsarewa ne. Karen gadi, wanda shari'a ta halatta don kiwo da gona, ya fi kowa in an raine shi cikin garken tun yana ɗan wata biyu, ana ciyar da shi, ana yi masa allura.

In ka haɗu da dila kusa da gida, so ake ya ci gaba da tsoron mutum. Kada ka gudu, kada ka juya baya. Ka tsaya, ka ɗaga hannu ko riga, ka daka tsawa, ka buga kwano, ka jefa dutse kusa da shi, ka ci gaba har ya bar wurin gaba ɗaya. In ya matsa kaɗan ya tsaya yana kallonka kai kuma ka shige gida, ya koyi cewa tsawar ba ta da komai. Ƙaramin yaro a ɗauke shi. A bar masa hanyar fita, kada a ritsa shi a lungu, kuma kada yara su tona raminsa ko su ɗauko 'ya'yan su raina. A wani lambun shaƙatawa na birnin Bankuba a Kanada, daga ƙarshen 2020 zuwa 2021, koyoti sun ciji mutum sama da 40, kuma hukumomi sun danganta abin da masu ba su abinci. A yanayin tsaron da ake ciki, a sanar da maƙwabta da mai unguwa tun da rana cewa za a iya jin bugun kwano da dare, kuma kada kowa ya bi dabba cikin gona a duhu. In dila guda ɗaya ya riƙa, an gyara komai bai fasa ba, a kai maganar ga mai unguwa a nemo maharbi da ya san aiki, a cire shi shi kaɗai.

Guba kam a bar ta. Naman da aka barbaɗa wa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona ba ya zaɓe: karen maƙwabci, kyanwa, shirwa, kaji, wani lokaci yaro. Wanda ya ci ya mutu, gawarsa ta kashe na gaba. Ungulun da ke cika kwata a da yanzu sai a yi wata ba a gan ta ba, kuma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba na cikin abin da ya jawo haka. Mushen da ita ke share mana cikin sa'o'i, yanzu karnuka ke taruwa a kansa.

Haɗarin da ya fi asarar kaza shi ne ciwon haukan kare. Dilan da ya shigo gida da tsakar rana ba tsoro, yana tangaɗi, yana dalalar da miyau ko yana cizon abin da ya tarar, kada a kore shi da sanda, a shige ɗaki da yara a rufe, a kira jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare yake zuwa, don haka karen gida a yi masa rigakafi yana wata 3, a maimaita kowace shekara. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a duba agogo, kada a sa barkono, toka ko ganye, kada a ɗaure. A kai shi asibiti a ranar, ko raunin bai kai ƙwayar gero ba. Allurar rigakafin ciwon ana yin ta ranar da aka fara, da kwana 3 bayan nan, da kwana 7, da ta ƙarshe tsakanin kwana 14 da 28, ko bisa tsarin da likita ya zaɓa, kuma rauni mai zurfi, ko na fuska da wuya da hannu, na buƙatar wata allurar daban da ake yi a cikin raunin kansa. Kare na gida ana iya tsare shi kwana 10 a ga halinsa yayin da ake allurar, amma cizon dila ba a jiran komai. Alamun ciwon kan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin su bayyana, don haka warkewar fata ba dalilin tsallake sauran allurai ba ne.