Mai Martaba a Gasar Oscar: Sharhina da Hasashena Kan Waɗanda Za Su Tsallake

Ina rubuta wannan sharhi ne a watan Disamba na 2024. Ranar 17 ga wannan wata ne hukumar da ke shirya gasar Oscar a Amurka za ta fitar da sunayen fina-finai 15 da suka tsallake zagayen farko a rukunin fina-finan ƙasashen waje, daga cikin sama da 80 da ƙasashen duniya suka aika. A watan Janairu za a rage su zuwa 5, sannan a bayyana wanda ya lashe kyautar ranar 2 ga Maris, 2025, a birnin Los Angeles, a bikin karo na 97. A shekarun baya wannan lissafi bai cika damun mai kallon fim ɗin Hausa ba, amma bana abin ya shafe mu kai tsaye, domin fim ɗin da Nijeriya ta tura, wato Mai Martaba na darakta Prince Daniel wanda aka fi sani da Aboki, da Hausa aka yi shi, a Daura aka ɗauke shi, kuma daga cikin jarumansa akwai Adam A. Zango, ɗan asalin jiharmu ta Kaduna.

Dokar wannan rukuni ita ce kowace ƙasa fim ɗaya tak take turawa, kuma dole ne fiye da rabin maganganun da ke cikinsa su kasance da wani harshe ba Turanci ba. Wannan doka ce ta kayar da Lionheart a 2019, karon farko da Nijeriya ta shiga, saboda Turancinsa ya rinjayi Ibon da ke ciki. A shekarar da ta biyo baya aka tura The Milkmaid, wanda akasarinsa Hausa ne, kuma a cikinsa ne Maryam Booth ta samu lambar yabo a gasar fina-finan Afirka ta AMAA. An yi shekara biyu ba a tura komai ba, sai a 2023 aka tura Mami Wata. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya shiga jerin da ake fitarwa bayan zagayen farko. Ke nan Mai Martaba shi ne na huɗu da aka zaɓa, kuma na biyu da ke magana da harshenmu, abin da ya isa ya sa duk mai kishin Hausa ya ji daɗi.

Labarin fim ɗin yana faruwa ne a wata ƙasa ta ƙirƙira mai suna Jallaba, wadda ta bunƙasa da fataucin da ke ratsa hamadar Sahara, inda sarki ya ƙuduri aniyar ɗora 'yarsa, Gimbiya Sangaya, a kan karagar mulki, su kuwa sauran masu ganin suna da haƙƙi a sarautar suka ce ba za ta saɓu ba. Zaɓen Daura a matsayin wurin ɗauka dabara ce da na yaba ƙwarai, domin garin da tarihinsa ya fara da sarauniyoyi, wanda har yau ake zuwa ganin rijiyar Kusugu ana ambaton Daurama, shi ne ya fi dacewa a yi muhawarar sarautar mace a cikinsa. Mu mutanen ƙasar Zazzau ma ba baƙon zance ba ne a wurinmu, tunda Turunku tana nan a ƙaramar hukumar Igabi, kuma sunan Sarauniya Amina yana bakin kowane ɗan makaranta. Fim ɗin bai aro matsalarsa daga wata nahiya ba, daga cikin tarihinmu ya tono ta, kuma wannan shi ne babban ƙarfinsa.

Ƙarfinsa na biyu shi ne abin da ido ke gani. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan daushe ya san yadda doki yake idan an yi masa ado na gaske, yadda jalala ke sauka a gefen sirdi, yadda mahayi ke gyara amawali ya rufe baki kafin ya zaburo, da yadda ƙura ke tashi ta lulluɓe 'yan kallo idan an kai jafi. Mun daɗe muna ganin fina-finan sarauta da ake ɗauka a falon gidan haya, da kujerun zamani da rawanin da aka naɗa cikin gaggawa. A nan kuwa an fita fili, an nemi ginin ƙasa, an tara jama'a da dawaki, an kuma kashe kuɗi wajen sutura. Ana iya gane cewa mutanen da suka yi aikin sun ɗauki al'adar da muhimmanci, ba su mayar da ita kayan ado kawai ba. Adam A. Zango kuma ya fito a wani matsayi da ya saɓa da na saurayi mai rawa da waƙa da aka san shi da shi, kuma a ganina ya nuna cewa akwai sauran baiwa a tare da shi da masana'antar Kannywood ba ta gama cin moriyarta ba.

Inda nake da ja shi ne tsarin labarin. Asalin wannan fim wasan kwaikwayo ne na rediyo da aka watsa a Kano, kuma mu a Kaduna, da muka tashi da sauraren wasannin gidan Rediyon Tarayya, mun san yadda wannan fanni yake aiki. Rediyo yana da lokaci. Mai sauraro yana bin labari mako bayan mako, yana sanin wane ne ɗan wane, wace zuriya ce ta yi wa wace alkawari, har ya kai ga ya ƙi wani ya so wani tun kafin rikici ya ɓarke. Idan aka ɗauko irin wannan doguwar tafiya aka matse ta cikin zama ɗaya, dole ne a yi ɗayan biyu: ko a zubar da rassa da yawa a riƙe gangar jikin labarin, ko kuma a riƙe komai a bar mai kallo yana haki a baya. A fahimtata Mai Martaba ya fi karkata ga na biyun. Gidajen da ke takarar sarauta da tsofaffin ƙullace-ƙullacensu sun yi yawa ga lokacin da aka ba su, har ita gimbiyar da aka gina rikicin a kanta ba ta samu sararin da za mu zauna da ita mu san abin da ke ranta ba. Na so a ce an bar kyamara ta daɗe a kan fuskarta ba tare da kowa ya ce uffan ba, domin abin da fim ya fi rediyo da shi ke nan, wato yana iya nuna tsoro ko buri ba sai an furta ba.

Wannan rauni yana ƙara nauyi idan aka tuna su wane ne alƙalan. Mambobin hukumar ta Oscar sun kai kimanin dubu goma, mafi yawansu a Amurka, kuma waɗanda suka sa kansu cikin zaɓen wannan rukuni galibi a gida suke kallo ta wani dandali na intanet da aka keɓe masu, suna karanta fassarar da aka rubuta a ƙasan allo. Bahaushe yana gane matsayin mutum daga yadda ya durƙusa da irin gaisuwar da ya yi, shi kuwa wanda ke zaune a Los Angeles sai labarin ya ɗauke shi da kansa, in ba haka ba ya kashe ya koma kan na gaba, tunda akwai wasu da dama da ke jiran sa.

Kwanakin baya a majalisarmu ta Tudun Wada wani ƙanena ya ce mini, “Yaya, ai in dai ba a saka mu ba, to wariya ce kawai.” Na ce masa ban musa cewa ana yi wa Afirka kallon baya ba, domin tun da aka fara ba da wannan kyauta sau uku kacal wata ƙasar Afirka ta lashe ta: Aljeriya da fim ɗin 1969, Kwaddibuwa da na 1976, sai Afirka ta Kudu da na 2005. Amma akwai wata hanya da kusan duk fim ɗin da ke kaiwa ga biyar ɗin ƙarshe yake bi, kuma namu bai bi ta ba. Ana fara nuna fim a ɗaya daga cikin manyan bukukuwa irin na Cannes a Faransa, ko Venice a Italiya, ko Berlin a Jamus, ko Toronto a Kanada. A can masu sharhi suke ganin sa su rubuta a kansa, a can kuma wani kamfanin rarraba fina-finai na Amurka yake sayen sa, sannan ya kashe maƙudan kuɗi wajen shirya wa masu zaɓe kallo na musamman, da talla a jaridun masana'antar, da kai darakta da jarumai su amsa tambayoyi. Ana fara wannan aiki tun watanni kafin ƙasa ta sanar da zaɓinta, ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka hasashena, wanda nake faɗa ba da jin daɗi ba, shi ne Mai Martaba ba zai shiga cikin 15 ɗin ba.

Su wane ne za su kai ga biyar ɗin ƙarshe? Uku daga ciki ba na shakka a kansu. Na farko shi ne Emilia Pérez, wanda Faransa ta tura duk da cewa da Sifaniyanci aka yi shi kuma a Meziko labarin yake. Ya samu kyautar alƙalai a Cannes, jarumansa mata huɗu suka raba kyautar gwarzuwar jaruma, Netflix ce ke tallata shi a Amurka, kuma a makon nan ya samu gurbin takara 10 a gasar Golden Globe ta Amurka. Abin lura ga masu sukar Kannywood a kan waƙa shi ne wannan fim cike yake da waƙoƙi, sai dai kowace waƙa tana tura labarin gaba ne, ba hutu ake ba mai kallo da ita ba. Na biyu shi ne I'm Still Here na Walter Salles daga Brazil, labarin gaskiya na wata mata da sojoji suka tafi da mijinta a 1971 bai sake dawowa ba, wanda ya samu kyautar tsara labari a Venice. Na uku shi ne The Seed of the Sacred Fig, fim ɗin Farisanci da Jamus ta tura, wanda daraktansa Mohammad Rasoulof ya ɗauka a ɓoye a Iran, sannan ya tsere daga ƙasar bayan an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 8. Masu zaɓe sukan ba irin wannan tarihi nauyi, kuma fim ɗin da kansa ya samu kyauta ta musamman a Cannes.

Kujera ta huɗu ina ba wa Vermiglio na Italiya, wanda ya zo na biyu a Venice, musamman ganin cewa babu ƙasar da ta kai Italiya yawan lashe wannan kyauta. Da Indiya ta tura All We Imagine as Light, wanda ya samu babbar kyauta ta biyu a Cannes, da shi zan ba wa wannan gurbi ba tare da dogon tunani ba, amma kwamitinsu ya zaɓi wani fim ɗin daban, kuma ina ganin sun yi asarar dama mafi kyau da suka samu tun bayan 2002, lokacin da wani fim nasu ya kai zagayen ƙarshe.

Kujera ta biyar ce ta fi ba ni wahala. Lissafi yana nuna The Girl with the Needle na Denmark, domin ƙasar ta saba kaiwa wannan mataki, kuma shi ma ya fito a jerin Golden Globe. Akwai kuma Flow na Latbiya, fim ɗin zane a kan wata kyanwa da ambaliya ta raba da gida, wanda babu maganar ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, don haka babu shingen fassara tsakaninsa da kowa. Zuciyata kuwa tana tare da Dahomey na Mati Diop, wanda Senegal ta tura, kuma wanda ya lashe babbar kyautar Berlin a watan Fabrairun 2024. Fim ne na gaskiya, wato na abin da ya faru a gaban kyamara ba wasan kwaikwayo ba, wanda ya bi sawun kayan tarihi 26 da sojojin Faransa suka kwashe daga masarautar Dahomey a 1892, aka mayar da su Jamhuriyar Benin a 2021. Ana nuna yadda ake ɗaure mutum-mutumin Sarki Ghezo a kwantar da shi cikin akwatin katako a rufe, sai allo ya yi duhu, a ji muryarsa da harshen Fon yana tambayar inda za a kai shi. Daga baya ɗaliban jami'a suka zauna suna muhawara mai zafi a kan ko dawo da 26 daga cikin dubbai abin murna ne ko cin fuska. Duk ɗan Kaduna da ya san cewa gumakan Nok da aka tono a kudancin jihar nan suna ajiye a gidajen tarihin Turai zai ji muhawarar nan tamkar a kansa ake yin ta.

Ina sa ran Dahomey zai shiga cikin 15, kuma shi ne fim ɗin Afirka ta Yamma da ya fi kowanne dama a bana, domin ya bi ta Berlin, ya kuma samu kamfanin da ke nuna shi a Amurka. Amma fina-finan gaskiya ba su cika kaiwa ga biyar ɗin ƙarshe a wannan rukuni ba, kuma yana iya samun gurbi a nasu rukunin na daban, abin da zai sa wasu masu zaɓe su ga sun riga sun biya shi a can. Don haka a takardata kujera ta biyar ta Denmark ce, Dahomey yana biye da ita, sannan Latbiya.