Sai da aka shaƙe ni na fara koyon faɗa

Ina da shekara 19 na fara shiga keji, wato filin karawa mai shingen waya, kuma a lokacin gani nake duk wanda ya iya naushi ya gama da wasan MMA, faɗan da ya haɗa naushi da shuri da kokawa. Na yi shekara huɗu ina damben boksin, hannuna na dama yana da nauyi. Karawa biyu da na yi a matakin masu koyo duk a turmin farko na gama su. Kaina ya kumbura.

Ta uku ita ce ta farko da aka biya ni. An sa ni a ajin fam 155, wato kilo 70 da 'yar ɗoriya, alhali nauyina na kullum ya kai kilo 79. Kocina ya ce in fara rage ciki tun saura sati takwas. Na ce to, ban yi ba. Saura kwana biyar awo, kilo shida na nan a jikina. Abin da na yi ba na fatansa ko ga maƙiyina: na rage shan ruwa har na daina, na sa rigar leda na zauna a ɗakin tururi, ina tauna cingam ina tofar da yawu a gora don ko giram ɗari ya ragu. Na hau sikeli ƙafafuna na rawa. Fam ɗayan nan da ake yafewa idan ba karawar kambu ba ce, shi ya cece ni.

Washegari na haɗu da wani ɗan kokawa, gajere, wuya kamar na bijimi. Bai tsaya musayar naushi da ni ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya sunkuya ya kwashe ƙafafuna biyu, sai ga ni a ƙasa, kaina jikin waya. Turmi minti biyar ne, amma wanda bai taɓa kwanciya da ƙato a kan ƙirjinsa ba, ga jiki babu ruwa, bai san tsawon minti biyar ba. Na juya masa baya don in miƙe, kuskuren da ake hana ɗan koyo tun satin farko. Nan take ya saƙalo wuyana da damtsensa. Abin yi sananne ne: ka bubbuga jikinsa da hannu, alƙalin wasa ya raba ku. Girman kai ya hana ni. Irin wannan shaƙar jijiyoyin gefen wuya take matsewa, masu kai jini ƙwaƙwalwa, don haka ba ta jiran shawararka. Na farfaɗo likita na haska min ido da tocila, ni kuwa ina tambayar yaushe za a fara.

Kuɗin ma kashi biyu ne a yarjejeniyar, na zuwa da na cin nasara. Na zuwan kawai na karɓa, da na cire rabon koci da kuɗin gwaje-gwajen asibiti, abin da ya rage bai kai a faɗa ba.

Ranar da na koma atisaye koci ya tare ni a bakin ƙofa.

"Yaro, ajiye safar hannun nan. Wata shida ba za ka naushi kowa ba."

"Koci, ai naushin ne abincina."

"Shi ya sa aka shaƙe ka."

Ya zaunar da ni ya kunna min gasar farko ta UFC, babban kamfanin shirya wasan MMA, wadda aka yi a Denver ta Amurka a Nuwamban 1993. Royce Gracie, ɗan Brazil da yawancin 'yan gasar suka fi shi jiki, ya sa mutum uku sun sallama a dare ɗaya da dabarun jiu-jitsu, wato kokawar shaƙewa da murɗe gaɓoɓi. Daga nan koci ya haɗa ni da wani siririn mutum mai kilo 60, wanda yakan sa ni bubbuga tabarma sau goma kafin a tashi. Satin farko har kuka na yi a banɗaki. A hankali na gane cewa sallamawa a wajen atisaye ita ce karatun: ka bubbuga, a sake ka, ka tambayi inda ka yi kuskure, a sake farawa. Na ga wanda ya ƙi, gwiwar hannunsa ta goce, ya yi watanni yana kallonmu daga kan benci. A watannin nan ne kunnena na hagu ya kumbura ya tara jini, aka zuƙe da sirinji sau uku, ƙarshe ya daskare yadda yake yanzu. Mahaifiyata har yau ba ta son kallonsa.

Ana yawan tambayata me ke ba ni ƙwarin gwiwa, ana so in ba da labari irin na Francis Ngannou, da ya yi haƙar yashi a ƙasar Kamaru, ya kwana a titunan Faris, ya ci kambun UFC na ajin masu nauyi a 2021. Labarin yana taɓa ni, amma ba ya tashe ni da asuba ranar da haƙarƙarina ke ciwo. Tsoro ne ke tashe ni, da kunyar abokin atisayen da ke jirana. Nakan tuna Kamaru Usman, zakaran ajin fam 170 a lokacin, a Agustan 2022: ya ci karawa 15 a jere a UFC, yana gaba da maki a turmi na biyar, saura ƙasa da minti ɗaya abokin karawarsa Leon Edwards ya kai masa ƙafa a ka ya sumar da shi. Idan haka ta faru da Usman, ni wa?

Yanzu shekarata 31, na koma ajin fam 170, na daina wasa da sikeli. Saura sati bakwai karawata ta gaba. Yau da safe wani sabon yaro ɗan boksin ya juya min baya, na saƙalo wuyansa, ya ƙi bubbugawa. Na sake shi kafin ya suma, na ce ya je ya sha ruwa ya dawo. Koci na gefe yana dariya, bai ce uffan ba.