Goge da Dabbobin Gidanmu

Ƙanena ya fara koyon goge a gidanmu da ke Pantami, nan Gombe, kullum bayan La'asar. Da zarar ya ɗora izga kan tsarkiya, kyanwarmu sai ta kwantar da kunnuwa baya, ta haura katanga ta faɗa maƙwabta. Wallahi tausayinta nake ji. Kunnen mage na kama siririn sauti mai kaɗawa kusan sau 64,000 a daƙiƙa, namu iyakarsa 20,000, ga hannun ɗan koyo bai faɗa ba tukuna. Karen gadi kuwa sai ya ɗaga baki sama, ya bi dogon sautin da kuka, Inna na ta korarsa. Jiya na ce, "Kai, ƙanena, don Allah koma zaure ka turo ƙofa."