Kaso da saura a bugu ɗaya: inda na kai da divmod

Ƴan'uwa abokan koyo, ga inda aka kwana a kan ƴar manhajar lissafin kuɗi da nake rubuta wa shagon yayana a nan Tahoua. Da harshen shirya manhaja na Python nake yin ta, kuma makon nan rabawa na sa a gaba.

Abin da Yaya yake so shi ne a rubuta kuɗi da sefa, ita kuma ta faɗa da jikka da dala yadda ake ciniki a kasuwa (jikka sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5). A da layi biyu nake rubutawa, alamar // ta ba ni kaso, alamar % ta ba ni saura. To Python na da umarnin divmod da ke miƙo su tare:

jikka, saura = divmod(3750, 1000)

Jikka ta zama 3, saura 750. Sai a raba sauran da 5, divmod(750, 5) ya ba da 150 da 0. Jikka uku da dala ɗari da hamsin ke nan. In sauran ƙarshe bai zo sifili ba, kamar a 3752, manhajar takan tsaya ta ce a sake duba farashin. Haka na yi da canji: na jera 10000, 5000, 2000, 1000, 500 har zuwa 5, sauran kowane mataki shi ake rabawa a na gaba. Ko akwai ƴan canjin a aljihun tebur, wannan kuma ba huruminta ba ne.

Inda na daɗe shi ne lambobin da ke ƙasa da sifili. Agogonmu na Nijar yana gaba da GMT da awa ɗaya. A ce an yi ciniki da sha biyu da rabi na dare, minti 30 ke nan da shigowar sabuwar rana. Don mayar da shi GMT, ka cire minti 60, ka sami -30. Rana ɗaya minti 1440 ce, kuma divmod(-30, 1440) yana ba da -1 da 1410. Wannan -1 ɗin jiya yake nufi, 1410 kuma in an raba da 60 ya ba da 23 da 30. Jiya, ƙarfe 23:30, daidai wa daida, ban ƙara sharaɗi ko ɗaya ba.

Dalili kuwa, Python ƙasa take gangarar da kaso kullum, don haka in lambar da ake rabawa da ita ta haura sifili, saura ba ya zuwa da alamar ragi. Harshen C da Java wajen sifili suke datse kaso. A can, -30 a raba da 1440 kaso 0 ne, saura -30, wanda ba agogon da ke nuna shi. Dukansu ba su saɓa ƙa'ida ba: ka ninka kaso da abin rabawa, ka ƙara saura, lambar farko za ta dawo. Wannan gwajin nake yi bayan kowane lissafi yanzu. Mai kwaso lissafi daga C zuwa Python ya buɗe ido a nan.

C ma na da nata umarnin, div, a cikin kundin umarnanta na stdlib.h, yana dawo da quot da rem, wato kaso da saura. A ƙwaƙwalwar kwamfuta samfurin x86 ma umarnin rabawa ɗaya ne ke fitar da su biyun. Ni dai ba don sauri nake son divmod ba, lissafin shago bai kai a ji bambanci ba. Abin rabawa sau ɗaya ake rubuta shi, ba za a gyara 1000 a wani layi a manta da ɗan'uwansa ba.

In aka raba da sifili, saƙon kuskure na ZeroDivisionError za ka gani, manhaja ta tsaya cak. Zan tare wannan kafin in shiga sashe na gaba, na raba kwalayen sabulu dozin-dozin, inda Yaya ne zai riƙa rubuta adadin da hannunsa.