Gobarar da ke tashi daga ƙarƙashin motar daji

Ƙananan motocin nan na shiga gona da daji, waɗanda ake kira UTV, yawancinsu injinsu yana bayan kujeru ne, ƙarƙashin bodin ɗaukar kaya. Salansa kuma tana bi ta wani lungu da iska ba ta ratsa shi sosai, ga tafiya a hankali da kaya masu nauyi. Bututun da ke fitowa daga injin yakan haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyos lokacin aiki mai ƙarfi, alhali busasshiyar ciyawa ba ta buƙatar kusa da hakan kafin ta kama.

Inda aka fi yin sakaci shi ne farantin da ke kare cikin motar daga duwatsu. Yana tare dutse, amma yana tara ciyawa da karmami da ƙaiƙayi. Taɓo ya haɗe su, zafi ya busar da su, sai su zama kamar dunƙulen makamashi manne da salansa. Idan akwai ɗigon baƙin mai ko fetur a wurin, an gama haɗa wuta. Sau da yawa ma ba a cikin tafiya take tashi ba, sai an tsaya: iska ta daina kaɗawa, ƙarfe na nan da zafinsa, ciyawar ta yi ta ci a ɓoye har hayaƙi ya bayyana. Shi ya sa ajiye motar a kan doguwar ciyawa ganganci ne. Nemi fili mai ƙasa ko tsakuwa.

Bayan kowace shiga ciyawa, bari injin ya huce, ka ɗaga bodin, ka haska tocila tsakanin salansa da farantin. Cire tarkacen da hannu ko iska mai ƙarfi, ka wanke taɓon. Sannan ka girgiza garkuwar zafi, wato siririn ƙarfen da ke raba salansa da roba da wayoyi da tiyon mai. Idan tana kaɗawa, noti ya kwance. Kada a cire ta don tana ƙara, a ɗaure ta ko a sauya. Robar da ta narke ko ta sauya launi a kusa alama ce cewa zafi ya riga ya isa inda bai kamata ba.

A bakin salansa akwai raga mai tare tartsatsi, wadda ƙa'idar hukumar gandun dajin Amurka ta ce ramukanta kada su wuce inci 0.023. Tana toshewa da baƙin hayaƙi. A kwance ta, a goge da buroshin waya, in ta yage a sa sabuwa. Injin da ke tsallake wuta saboda mataccen fulogi shi ma haɗari ne, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana ƙarasa ƙonewa cikin salansa.

Wani lokacin matsalar daga masana'anta take. A 2016 kamfanin Polaris ya janye motocinsa na UTV samfurin RZR kusan 133,000 a Amurka saboda haɗarin gobara, don haka duba lambar shasin motarka ko tana cikin waɗanda aka taɓa kira don gyara.

Jarkar fetur a bodi tana zaune ne daidai saman injin, a ɗaure ta tsaye, murfi a rufe gam, kuma kada a zuba mai sai an kashe injin ya huce. Tukunyar kashe gobara mai hoda, nau'in ABC, wato mai kashe wutar ciyawa da ta fetur, a maƙala ta inda hannun direba zai kai, ba ƙarƙashin kaya ba.