Me ya sa ake hukunta mai laifi, kuma me ya sa tsanani kaɗai ba ya isa?

Kafin a san kotu, wanda aka kashe wa ɗan'uwa shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartar da hukunci. Illar ramuwar gayya ita ce ba ta da ma'auni. A kashe maka ɗaya ka kashe biyu, gobe su dawo. A kan wannan Aeschylus, marubucin Girka na zamanin da, ya gina wasan kwaikwayonsa Oresteia, wanda aka gabatar a birnin Atina a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa: uba ya yanka 'yarsa, uwa ta kashe uban, ɗa ya kashe uwar. Jinin bai tsaya ba sai da aka zaunar da mutanen gari suka saurari ƙara. Aikin hukunci na farko ke nan, a karɓe wuƙar daga hannun wanda aka zalunta, a ba shi haƙƙinsa ta hanyar da ba za ta haifi wani kisan ba.

Aiki na biyu, hana aikata laifi, shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. A 1764 Cesare Beccaria, wani masanin shari'a ɗan Italiya mai shekara 26, ya ce abu uku ke sa hukunci ya zama izina: a tabbata za a kama mai laifi, a hukunta shi ba tare da jan lokaci ba, kuma hukuncin ya yi daidai da girman laifin. A cikin ukun, tabbacin kamu ya fi nauyi. Wanda zai haura katanga da tsakar dare ba ya lissafin ko shekara biyar ce ko goma. Abin da ke ransa shi ne, akwai mai ganina?

Ingila ta gwada akasin haka, ta kuma sha wahala. Zuwa farkon ƙarni na 19, laifukan da ake rataya a kansu sun haura 200, har da satar kayan da ya kai sule 40 daga cikin gida. Sai masu taya alƙali yanke hukunci suka riƙa kimanta kayan a sule 39, don ransu bai yarda a rataye mutum saboda 'yan tufafi ba. Dokar ta yi tsanani har ta kasa aiki. Ga kuma wata illar da ta fi wannan muni: in hukuncin sata da na kisa ɗaya ne, ɓarawo ba shi da dalilin barin mai shaida da rai. A shekarun 1820 Robert Peel, ministan cikin gida na Ingila a lokacin, ya rage laifukan rataya, a 1829 kuma ya kafa rundunar 'yan sandan Landan. Aka rage tsoron igiya, aka ƙara yiwuwar kamu.

Inda nake ganin adabi ya riga masana shi ne abin da ke biyo bayan hukunci. A littafin Les Misérables na marubucin Faransa Victor Hugo, wanda ya fito a 1862, an ɗaure Jean Valjean shekara 5 saboda ya saci burodi, yunƙurin tserewa ya ƙara masa 14. Da ya fito bayan shekara 19 sai aka ba shi takarda rawaya mai nuna tsohon fursuna ne. Ya je masauki da kuɗinsa a hannu aka kore shi, ya je na biyu ma haka. Kusan shekara ɗari bayan nan, a 1963, masanin zamantakewa Howard Becker ya yi bayanin yadda laƙabin "mai laifi" ke manne wa mutum har ya rufe masa ƙofar aiki da ta zama cikin jama'a, ya tura shi wurin waɗanda suka rage masu karɓarsa, wato masu laifi irinsa.

Shi ya sa masanin nazarin laifuka John Braithwaite a 1989 ya raba kunyatarwa gida biyu. Akwai wadda ke tir da aikin sannan ta buɗe wa mutum hanyar dawowa, akwai kuma wadda ke tir da mutumin kansa har abada. Ta farko tana buƙatar a sami ranar da za a ce ya biya, an gama. Valjean ya cika wa'adinsa har kwana na ƙarshe, amma takardar da ke aljihunsa ba ta da ranar ƙarewa.