Yaushe rabonsa da fitsari?

Autanmu tela ne, kuma duk wanda ya san teloli ya san yadda goman ƙarshe na azumi take a wurinsu: ba barci, ba zaman gida, masu kaya sun yi cincirindo a bakin shago kowa na cewa nasa za a fara. Ana cikin wannan ruguntsumin salansar babur ɗinsa ta ƙona shi a ƙauri. Ƙunar ko tafin hannu ba ta kai ba. Wa ye a garin nan ba shi da irin wannan tabon? Ya shafa makilin. Da bororon ya fashe, abokin aikinsa ya ɓare kafso ja da yalo ya barbaɗa masa garin a kai, suka ɗaure da ƙyallen atamfa daga ragowar yanka, ya koma kan keke. Shekararsa 27, ba shi da suga, ba shi da sikila, ban taɓa ganinsa kwance a gadon asibiti ba.

Da zazzaɓi ya zo da rawar ɗari, kemis ɗin bakin layi ya nufa. Aka ce maleriya ce da taifod, aka yi masa allura, aka haɗo shi da ƙwayoyi har da Ampiclox. Mai kemis bai ce ya ɗaga ƙafar wando ba, shi ma Auta bai ga dalilin ambaton ƙuna ba, tunda zazzaɓi ya kawo shi. A ƙasarmu zazzaɓi sunansa maleriya, kuma sau da yawa hakan ne. Sai dai ko an tsaga yatsa an gwada an ga maleriyar, wannan bai hana a ce akwai wata cutar daban da ke cin mutum a lokaci guda ba.

Na gan shi a gida wajen buɗa-baki, ya kasa shan ko kunu. Na sa ya kwance ƙyallen. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, fatar tana sheƙi, ka taɓa ka ji rau, gefen ciwon ya yi baƙi yana fitar da ruwa mai wari, ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Na ɗan danna nesa da ciwon, wurin da ido bai ga komai ba, ya yi ƙara ya riƙe mini hannu. Na ce ya tashi mu tafi asibiti. Ya ce, "Yaya, kayan mutane ne a hannuna. Bari in sallame su, bayan sallah da kaina zan je."

Daren jajibiri ya fara sambatu. Yana kiran awon riguna, yana cewa a miƙo masa almakashi, can kuma ya hau gaida Babanmu wanda ya daɗe da rasuwa. Umma ta rikice. Kawu ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Wannan ba na asibiti ba ne." A ganinsa yaro na tashe a sana'a, masu baƙin ciki ba su ƙarewa. Aka kira malam, aka yi ruƙiyya, aka turara ɗakin, aka shafe shi da man habbatus sauda. Gab da asuba jikin ya yi sanyi, gumi ya karyo, ya daina fizge-fizge. Umma ta yi hamdala ta ce zazzaɓi ya sauka. Mutane na fita idi muka ga numfashinsa sama-sama yake, tafin hannunsa sanyi ƙalau, a kira shi sai ya buɗe ido da ƙyar ya mayar. Nan muka sa shi a adaidaita sahu.

A sashen gaggawa wata nas ta zuba wa ƙirjinsa ido tana duba agogo, ta ce numfashi 32 a minti ɗaya. Ta auna jini ta samu 80 bisa 50, ta sake aunawa, sannan ta fita da sauri. Likitar da ta zo ba ta tsaya kan zazzaɓi ba. Ta dube ni ta ce, "Yaushe rabonsa da fitsari?" Na rasa amsa. Umma ce ta tuna cewa butar da ta ajiye masa tun safiyar jiya tana nan cike, ba a taɓa ta ba. Mun lura ba ya zagawa, amma azumi ne ga zafin bazara, kowa ma fitsarinsa ya ragu. Da aka sa masa roba, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, kuma launinsa ya yi duhu sosai.

A tsaye a bakin ƙofa, tana rubuta magunguna, ta yi mini bayanin abin da suke kira sefsis. Ƙwayoyin cutar da suka shiga ta ƙunar sun wuce ƙafa, garkuwar jikinsa ta tashi yaƙi da su, amma yaƙin ya wuce gona da iri, kamar mai gadin da ya ga ɓarawo ya cinna wa gidan wuta. Jijiyoyin jini sun saki suna yoyon ruwa, ƙarfin bugun jini ya faɗi, jini ya daina isa gaɓoɓi yadda ya kamata. Ƙoda ba ta samun jini, shi ya sa babu fitsari. Ƙwaƙwalwa ba ta samun isasshe, shi ne sambatun da muka ɗauka iska ce. Saurin numfashin kuma jiki ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin da ya taru a jini. Sanyin da muka yi wa hamdala shi ya fi komai muni: jiki ne ya janye jini daga fata da hannuwa don ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa.

Sun yi iya yinsu, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Sun ɗebi jini don a shuka a ga wace ƙwaya ce, suka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take, ƙarin ruwa leda bayan leda a hannu biyu, ga oksijin a hanci. Da dare aka shiga da shi aka yanke ruɓaɓɓen naman ƙafar. Jinin ya ƙi tashi sai da aka haɗa da wani magani na musamman, aka fara maganar wankin ƙoda. Washegarin sallah bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai na shiga karance-karance, don na kasa gane yadda ƙunar salansa za ta kashe saurayi mai jini a jika. Ashe abin ba baƙo ba ne. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su sun nuna cewa a shekarar 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu da sefsis, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne, kuma mafi yawan nauyin yana kan ƙasashe irin namu. A shekarar 2017 ɗin ce babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan sefsis, kuma kowace 13 ga Satumba ake ranar tunawa da ita. Ita ce ta ƙarasa ɗan dambe Muhammad Ali a 2016 a asibitin Amurka, ita ce kuma ajalin Fafaroma John Paul na biyu a 2005 bayan cutar mafitsara. A wurinmu tana ɓuya a bayan wasu sunaye: a ce zazzaɓi ne ya yi tsanani, a ce limoniya, a ce jego ne ya zo da gardama, a ce cibiyar jariri ce ta ruɓe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai lissafin awanni ne. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya gano cewa idan jinin mai sefsis ya riga ya faɗi, kowace awa ɗaya da aka yi ba a ba shi maganin da ya dace ba tana rage damar tsirarsa da kusan kashi 7.6 cikin 100. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce irin wannan majinyacin a sa masa magani ta jijiya cikin awa ɗaya. Mu kuma a gida da kwanaki muke lissafi: bari a ga yadda zai kwana, bari allurar ta gama aiki, bari a sauko daga idi.

A gida ma'aunin zafi muke kallo, ko bayan hannu a goshi, alhali likitoci wasu abubuwa suke fara dubawa, kuma yawancinsu ba su bukatar na'ura. Hankalin mutum: ya rikice ne, yana sambatu, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba? Numfashi: babban mutum mai lafiya yana yin 12 zuwa 20 a minti, idan ya kai 22 ko ya wuce ga kuma wata cuta a jiki, an shiga haɗari, kuma agogon waya ya isa a ƙirga. Sai fitsari, idan yini guda ya wuce babu. Idan akwai na'urar awon jini ta wata tsohuwa a gidan, lambar sama ta sauko 100 ko ƙasa da haka ita ma shaida ce. Zafin jiki kuwa yana iya hawa, yana iya faɗuwa ƙasa da 36. Jariri shi ba ya sambatu: ƙin kama nono ne, ko jiki ya saki, ko ya yi sanyi. Mai jego, tsoho, mai suga, mai sikila da wanda aka yi wa tiyata su ne a sahun gaba, amma Auta ba ya cikin ko ɗaya.

Na kuma gane cewa yadda ka buɗe baki a teburin nas yana iya sa a shigar da kai ko a ce ka bi layi. "Zazzaɓi yake yi" magana ce da suke ji ɗari a yini. Ka fara da cewa yana da ciwo a ƙafa mai mugunya, tun jiya bai yi fitsari ba, kuma ba ya gane mutane. Ka zo da kwalayen duk abin da ya sha, har na gargajiya, ba tare da jin kunya ba. Ka tambaya kai tsaye ko sefsis ce. Maganar kuɗi kuwa, wadda ita ce ke zaunar da yawancinmu a gida, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti a Najeriya ƙin karɓar majinyacin gaggawa bisa kowane dalili. Kowa ya san doka daban, abin da ake tararwa a taga daban, amma sanin ta yana ba mutum bakin magana.

Sakamakon shukar jinin bai fito ba sai bayan mun binne shi, don ƙwaya tana bukatar kwanaki kafin ta tsiro. Na koma na karɓo takardar. Ƙwayar da aka samu ba ta jin irin kafson da ya yi ta sha daga kemis. Ma'ana duk kwanakin da hankalinmu ke kwance cewa yana kan magani, cutar gabanta kawai take ci. Likitar ta ce suna yawan ganin haka, saboda yadda ake shan waɗannan magunguna barkatai, a sha na kwana biyu a ajiye, har ƙwayoyin suka saba da su.

Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, babu mai wuce ajalinsa. Kawu har gobe yana nan a kan bakansa cewa da hannu a lamarin. Na daina musu da shi, babba ne, kuma shi ma ɗa ya rasa. Abin da muka zauna muka daidaita a gidan, har da shi a wurin, shi ne duk wanda ya fara sambatu da zazzaɓi, ko ƙarfe nawa ne, mota za a nema, malam ya biyo mu ya yi addu'arsa a bakin gado. Umma ce ta ƙara sharaɗi ɗaya: wanda ya fara gani shi zai yanke hukunci, ko da shi ne ƙarami a gidan, ba sai an jira an tashi wani babba daga barci ba.